Akwati Mai Gurbi Huɗu

Juma'a, 21 ga Satumba

"...kuma ba za mu bari aikinsa ya kwanta tare da shi ba, Pani Bogna. Wannan alkawari ne."

Hubert ke nan, tsohon ɗalibin mijina Lucjan, wanda yanzu yake jagorantar mawaƙan jami'a. Yana magana da cokali a hannu, romon kaza na ɗiga masa a riga. Bogna ni ce, Pani kuwa kamar a ce Malama. Awa biyu da binne mijina. An tara mu a gidan abincin da ke kallon maƙabarta, wanda ba shi da ciniki sai na masu makoki, shi ya sa ma'aikatansa suka ƙware a tafiya a hankali.

Ya ce ranar sha takwas ga Nuwamba za a rera waƙar matattun da Lucjan ya kammala, karon farko, a kuma fitar da littafinta a ranar. Gabatarwa kawai ta rage. Lucjan ya rubuta, bai kai ga sa hannu ba. Ni zan duba in sa. "Wa ya san aikin nan kamar ke?" Na ce babu kowa. Ya yi murmushi, ya ɗauka wasa nake.

Mata suna ta zuwa suna riƙe mini hannu, suna leƙa idona ko za su ga hawaye. Na ba su haƙuri a zuci. Romon ya yi gishiri.

Lahadi, 23 ga Satumba

Na haɗa shayi kofi biyu. Na shanye duka.

Laraba, 26 ga Satumba

Na zauna a kujerarsa na karanta gabatarwar. Shafi uku, "babu shakka" sau bakwai.

Labarin dai shi ne wanda na saurara a kowace liyafa shekara ashirin da biyu. A wani gidan sistoci, matan coci da suka keɓe kansu ga ibada, da ke kudu, awa biyu a bas daga nan Krakow, akwai littattafan waƙa huɗu da aka rubuta da hannu wajen shekara ɗari uku da suka wuce. A zamanin ba a haɗa muryoyi a shafi ɗaya, kowace murya da littafinta. Addu'a ce ga matattu, ba sunan wanda ya tsara ta. Muryoyin huɗu duk a sama suke, ta huɗun ce kawai ta ɗan sauko. Lucjan ya duba ya ce wannan gida ne ba harsashi: babu muryar ƙasa, ta maza, wadda waƙoƙin coci na lokacin suke tsayawa a kanta. Ke nan akwai littafi na biyar, ya ɓata. Sojoji sun ƙona wani ɓangare na gidan lokacin yaƙi, to can ya tafi.

Sai ya zauna ya mayar da muryar da ta ɓata, ɗigo bayan ɗigo, yana tambayar kansa abin da mutumin zai rubuta a nan. Ni kuma na kwafe. Sau tara na kwafe waƙar nan daga farko har ƙarshe, digirina na biyu yana durowa tare da takardar garantin firji. Ni ina shafi na uku, layin ƙarshe: "da matata, saboda haƙurinta."

Ban sa hannu ba. Biron ba tawada, na kuma ƙi tashi neman wani.

Talata, 2 ga Oktoba

Hubert ya zo da mota ya kai ni wurin gwaji. Cocin sanyi kamar cikin rijiya, mawaƙa arba'in kowa da mayafi a wuya. Ya gabatar da ni, suka tafa a hankali, irin tafin da ake yi wa mara lafiya.

Maza takwas ke ɗauke da layin Lucjan. Hubert ya tsayar da su sau huɗu. "'Yan muryar ƙasa, jana'iza ce, ba mashaya ba." Wani mai gemu ya ce a jana'izar kawunsa ba a ga bambancin ba. Aka yi dariya, aka tuna ina nan, aka haɗiye.

Layin yana da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Akwai inda matan suke riƙe sauti ɗaya, mazan su gangara taki bakwai a ƙarƙashinsu kamar masu sauka da gawa daga bene. Wata yarinya a layin gaba tana share ido. Ni ina ƙirga maɓallan rigar Hubert. Shida, ɗaya ba irin sauran ba.

A irin wannan gwajin na fara ganin Lucjan, shekara talatin da huɗu da suka wuce. Shi ne mataimakin jagora, ni ina layi na biyu cikin mata. Ya tsayar da kowa ya nuna ni da fensir. "Pani mai jan ɗankwali, ki ci gaba da buɗe baki, amma kada ki fitar da komai. Muryarki tana sauka inda mata ba sa zuwa." Na bi umarni. Bayan shekara biyu ya aure ni, ina jin don ya tabbata.

Alhamis, 4 ga Oktoba

Wasiƙa daga gidan sistocin, da hannu, daga Sista Teofila mai kula da littattafansu. Suna yi wa Lucjan addu'a. Farfesa ya bar laimarsa a wurinsu tun bara, ba su san yadda ake aika laima a gidan waya ba. In zan iya zuwa, za su so su gan ni.

Litinin, 8 ga Oktoba

An kira daga wurin likitan haƙori, Lucjan yana da layi ranar Alhamis. Na ce ba zai samu zuwa ba. Ta ce a ɗaga masa? Na ce a'a, haƙoran sun daina damunsa.

Asabar, 13 ga Oktoba

Na je karɓo laima.

Ban taɓa zuwa ba. Lucjan ne yake zuwa sau biyu a shekara, ya dawo da hotuna da mura. Sistocin nan ba sa fita, ba a kuma shiga musu. A zauren baƙi akwai taga mai ragar ƙarfe, a gefenta wata ganga ta katako cikin bango wadda ake juyawa: su sa abu ta can, su juya, ya fito ta nan. Ta nan ƙwai yake shiga, da magani, da wasiƙa. Ta nan aka riƙa miƙo wa Lucjan littattafan, ɗaya bayan ɗaya, sai ya mayar da wannan a ba shi na gaba. Dokar gidan ce.

Sista Teofila 'yar ƙarama ce, shekara tamanin da ɗaya, tabarau kamar gindin kwalba. Laimar ce ta fara fitowa, a tsaye cikin gangar kamar baƙo. Sai shayi da lemun tsami da yankan kek na tuffa.

"Ke ce mai rubutun," in ji ta. "Wasiƙun Farfesa, sa hannun nasa ne, sauran hannun mace ne. Mun daɗe muna gardama ko sakatariya ce ko matarsa. Na ce matarsa ce. Sakatariya da tuni ta gudu."

Na ce ta ci gardamar.

"Tunda kin sha wahalarsu, bari ki gan su a gidansu." Ta kira wasu biyu, na ji nishi, gangar ta yi ƙara ta juyo. Akwati ne na baƙin katako, an sassaƙa shekara a murfinsa, shekarar da ke kan littattafan. Na buɗe. An raba cikin gurbi-gurbi, kowane littafi da nasa daidai kaurinsa, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Gurbi huɗu. Littafi huɗu.

Na ƙirga sau biyu, ni mai digiri biyu.

"Sista, na biyar fa? Na muryar ƙasa?"

"Wace muryar ƙasa?"

"Ta maza."

Ta dube ni ta cikin ragar. "'Yata, a ina za mu samo maza?"

Ta ce ta huɗun ita ce ƙasa. Tsofaffinsu ke yin ta, waɗanda muryarsu ta faɗo. Kowace shekara ranar biyu ga Nuwamba, ranar matattu, ƙarfe tara na safe, suke rera waƙar, ba ogan, ba wani abin kiɗa. Ta ce ko shekarar da sojoji suka kwana a ɗakin cin abincinsu an rera.

Na ce Lucjan bai taɓa tambaya ba?

"Ya tambaya ko mun ga littafi na biyar. Muka ce ba mu gani ba, gaskiya ce kuwa. Sai ya yi mana bayanin yadda ya ƙone. Yana da daɗin bayani, Allah ya ji ƙansa. Da farko na ɗauka wata waƙar yake nufi, daga baya kuma na ji nauyi. Farfesa ne. Sau uku muka gayyace shi ya zo ya ji mu, kullum yana da lacca."

"Akwatin fa?"

"Bai nemi akwati ba. Kuma kin ji nauyinsa, ba kowa muke ɗaga wa ba."

Na ci kek ɗin, tunda yana gabana.

Da zan tashi ta ce Sista Benigna, wadda ta riƙe musu ƙasa shekara talatin, ta rasu a watan Maris. Su tara suka rage, kuma duk muryoyinsu sun tsinke sun koma sama kamar na kyanwa. "Ke kuwa tun da kika ce ina kwana na ji ki. Kin san layin?" Na ce sau tara na kwafe shi. "To. Ki tsaya ta wancan gefen ragar cikin coci, ba wanda zai ce ki sa lulluɓi." Na ce ni ba na waƙa, kuma rabona da coci don kaina na manta. "Ban ce ki yi waƙa ba, na ce ki riƙe mana ƙasa. Matattu kuma ba sa kiran suna a ƙofa."

Na ce na gode, ba zan iya ba.

Na dawo da laima. Ba a yi ruwa ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Huɗu.

Laraba, 17 ga Oktoba

Na buɗe fiyano na kaɗa muryoyin huɗu su kaɗai. Tsaye suke. Ba su da nauyi, ƙasan ba nisa, kamar ɗaki mai gajeren rufi, amma ba abin da ya rushe.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: na sani. A kwafi na uku ko na huɗu, shekarar da aka canja mana tagogi, ina rubuta murya ta huɗu na ga duk inda jimla ta ƙare a kanta take zama, kamar yadda ƙasa take yi. Na ɗago kai. Yana tebur yana goge wani abu, harshe a waje, irin yadda yake yi in yana jin daɗi. Na ce, "Lucjan." Ya ce, "Mm?" Na ce miya ta kusa. Na ci gaba da buɗe baki ban fitar da komai ba.

Ni da Sista Teofila, ashe ɗaki ɗaya muke.

Talata, 23 ga Oktoba

Na faɗa wa Hubert bayan gwaji, a ɗan ɗakin da ake ajiye rigunan mawaƙa. Na nuna masa hoton akwatin a waya. Ya ƙara girman hoton, ya rage, ya ƙara, kamar gurbi na biyar zai fito in ya matsa.

"Akwati ba hujja ba ne, Pani Bogna. Ana iya yin akwati bayan littafi ya ɓata."

"Shekarar tana murfi."

Ya zauna a kan kwalin kyandir. "Wa ya sani?"

"Tsofaffi tara da ba sa fita. Da ni."

"To," in ji shi, ya bar "to" ɗin ta yi aikinta.

Sai ya soma. Za a yi wa Lucjan dariya. Abokan hamayyarsa na Warsaw shekara ashirin suna jiran rana irin wannan, za su sa shi a lacca a matsayin misali. Mutum bai yi wata biyu a ƙasa ba. In sa hannu yanzu, a yi bikin, bayan shekara biyu ko uku shi da kansa zai je ya gano akwatin, ya rubuta abin cikin ladabi. Na lura har ya ga sunansa a saman takardar. Ban ga laifinsa ba, Lucjan ne ya rene shi.

"Kin ji layin nan da kunnenki," ya ce. "Ƙarya ce?"

Na ce ba ƙarya ba ce, ba dai tsohuwa ba ce.

"Ni na ci miyarki shekara huɗu ina ɗalibi, ba zan yi miki gardama ba. Amma mijinki ne." Idonsa ya cika. Kowa yana da hawayen Lucjan sai ni.

Maɗaba'a tana son gabatarwar kafin Litinin, biyar ga Nuwamba, da sa hannuna. In babu, ba littafi.

Asabar, 27 ga Oktoba

Ina wanke tukunya na ji wani sauti, na ɗauka famfo ne. Na kashe famfon, sautin bai tsaya ba. Sai na rufe baki.

Talata, 30 ga Oktoba

Hubert ya aiko furanni da sabon biro. Yaron yana da dabara.

Alhamis, 1 ga Nuwamba

Yau ce ranar ziyarar kabari a nan. Maƙabarta cike kamar kasuwa, tiram, jirgin cikin gari, ba wurin tsayawa, kowa da tukunyar fure da fitilun kwalba a leda. Kabarin Lucjan ba a sa masa dutse ba tukuna, tudun ƙasa ne da gicciyen katako. Ɗalibai sun riga ni, fitilu sun fi ashirin. Na ƙara tawa. Matar da ke kabarin gefe tana goge dutsen mijinta da buroshi tana yi masa faɗa a kan ɗansu. Ta dube ni ta ce, "Sabo ne?" Na ce sabo ne. Ta ce, "Shekarar farko ba sa saurare, Pani. Daga baya suke koya."

Na tsaya na ce masa, "Huɗu ne, Lucjan." Bai ce babu shakka ba.

A tsaye a nan na tuna abin da na daɗe ban tuna ba. Kafin mu yi aure waƙa yake son tsarawa, tasa ta kansa. Ya kai wa malaminsa guda uku, malamin ya ce suna da tsabta. Ya dawo ya zuba su a murhu ina kallo, bai sake tayar da maganar ba, ya zama masanin aikin wasu. To ashe bai daina ba. Shekara ashirin da biyu yana tsara waƙarsa, a ɓoye a bayan wani mamaci wanda ba a taɓa haifa ba. Taki bakwai ɗin nan da suka sa yarinya kuka, ba wanda ya taɓa rubuta su sai shi. Shi kaɗai ne bai sani ba. Ko kuwa ya sani, shi ya sa kullum yake da lacca.

Ban yi kuka ba. Hayaƙin fitilu ya dami kowa, ba ni kaɗai ba.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

A bas, rubutun zai karkace.

Jiya da na dawo na zauna na gyara gabatarwar. Na cire "babu shakka" guda bakwai da labarin gobarar. Sakin layi na farko yanzu ya ce littattafan huɗu ne, huɗu aka yi su, mata suka rera su kuma suna rerawa har yau. Murya ta biyar ba ta taɓa ɓata ba. Lucjan ne ya tsara ta daga farko har ƙarshe, kuma sunansa zai hau kanta a matsayin mai waƙa. Layin ƙarshe na bar shi yadda yake, haƙurin ai an yi shi. Na sa hannu da biron Hubert.

Ambulan biyu, ɗaya na maɗaba'a, ɗaya nasa, na jefa su a akwatin wasiƙa na tasha yanzu, kafin in sake tunani. Mutanen Warsaw za su yi dariyarsu. Hubert zai iya soke bikin, zai iya daina gaishe ni. Ina jin ba zai soke ba, ya riga ya sha wahalar mazan nan takwas.

Sauraro kawai zan je yi, ya kamata wani daga gidan nan ya ji su sau ɗaya. Kwafina na murya ta huɗu yana jaka, don in riƙa bi da ido.

Da safen nan kofi ɗaya na haɗa. Na sa zuma, maƙogwaro ne ya ɗan bushe. Na sa riga, na ɗauki jaka. A bakin ƙofa laimar Lucjan tana rataye, na kai hannu, na fasa. Kafin in fita na gwada sautin farko, sau ɗaya, don in ji ko yana nan. Yana nan, can ƙasa, ya yi tsatsa, har gilashin hotonsa da ke bango ya ɗan amsa.

Na kashe fitila, na ja ƙofar har ta kama, na sauka.